Yadda muka ɗauki kyanwarmu a mota daga Kano zuwa Yola

Lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Yola, kayan gida ba su ba mu wahala ba, domin mun yi ciniki da mai babbar mota ya kwashi gadaje da kujeru da tukwane ya yi gaba da su. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne kyanwar da ta girma a hannunmu tun tana 'yar ƙarama, wadda ba ta taɓa shiga mota ba, ba ta kuma san wani wuri ba in ban da tsakar gidanmu da katangun maƙwabta. Wasu suka ce mu bar ta a unguwa, ai mage ba ta rasa abin da za ta ci. Wasu kuma suka ce mu sa ta a buhu mu ɗaure bakinsa mu ajiye a but, kafin ta ankara an isa. Shawarar farko ban iya karɓarta ba, saboda dabbar da ta saba a zuba mata a kwano ba za ta iya kokawa da muzurai a bola ba, kuma hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ya isa ya nuna cewa haƙƙin wannan dabba abu ne da za a tambayi mutum a kansa. Shawara ta biyu kuwa ta fi ta farkon muni, domin tafiyar ta faɗo ne a cikin bazara, lokacin da zafi a Yola yakan haura digiri 40, ga shi hanyar da za mu bi ta kai kimanin kilomita 700. Kyanwar da aka ƙunshe a buhu aka rufe a but na tsawon wuni a irin wannan yanayi, da wuya a fito da ita da rai.

Na fara ne da zuwa asibitin dabbobi, tun da sauran makonni kafin ranar tashi. Likitan ya auna nauyinta, ya duba idanunta da dasashinta, ya saurari ƙirjinta, sannan ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, ya ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, ya rubuta komai a kati ya ce in ajiye shi a cikin mota tare da takardun motar. Da na tambaye shi na ce, "Likita, ba za a ba ta wani abu da zai sa ta barci har mu isa ba?" sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, barci mai nauyi shi ne abin da ba ma so a tafiyar zafi." Ya bayyana mini cewa magungunan da ke sa dabba barci sosai suna saukar da hawan jininta, suna kuma rage mata ikon daidaita zafin jikinta, ga shi ba za ta iya dafe ƙasa ta tsare kanta ba idan mota ta faɗa rami ko aka taka birki. Abin da ya rubuta mana shi ne gabapentin, wanda likitocin dabbobi ke bai wa kyanwa don ya rage mata firgici ba tare da ya gusar da hankalinta ba, ya auna shi daidai da nauyinta, ya kuma ce mu gwada ba ta a gida tukuna mu ga yadda jikinta zai karɓe shi, kada ranar tafiya ta zama ranar gwaji.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya maimaita, wanda nake ganin ya kamata duk mai kyanwa ya riƙe shi, ko zai yi tafiya ko ba zai yi ba. Ya ce kada a kuskura a ba ta farasitamol, ko maganin mura, ko wata ƙwaya daga cikin waɗanda mutane ke sha a gida. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa farasitamol ya fita daga jiki, saboda haka ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya lalata mata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya yi duhu, fuskarta ta kumbura, ta mutu. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, domin a cikin masu ba mu shawara har da wanda ya ce a jiƙa mata rabin ƙwayar maganin mura a madara, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Daga nan sai maganar abin da za a saka ta a ciki. Kwali ba ya yi, domin da zarar ta yi fitsari ya jiƙe, kuma farcenta yana yaga shi. Kwandon roba mai murfi, irin wanda mata ke zuba kayan jarirai, yana da iska sosai, amma maƙallin murfinsa ba shi da ƙarfin da zai tare kyanwar da ta firgita, sai dai idan an ɗaure shi da waya ta kowane gefe. Mun samu keji na roba mai kauri, mai ƙofar ƙarfe da ramukan shan iska ta ɓangarori uku, a wani shagon magungunan dabbobi. Ma'aunin da aka ba mu shi ne ya zama tana iya miƙewa tsaye a ciki, ta juya, ta kwanta ta miƙe ƙafafunta, amma kada ya yi faɗin da za ta riƙa gangarawa daga wannan kusurwa zuwa waccan duk lokacin da aka sha kwana.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan tafiya, a ganina, shi ne wanda aka yi a falo kafin a tayar da mota. Kyanwa dabba ce da hankalinta yake kwanciya da wurin da ta sani, kuma da hanci take sanin wuri. Goga kumatun nan da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa da ƙafafun mutane, ƙamshin jikinta take shafawa, wanda mu ba ma jinsa, amma ita da shi take gane cewa nan nata ne. Idan aka ɗauke ta daga gida aka jefa ta a cikin sabon keji mai warin roba, aka kuma sa kejin a cikin mota mai warin fetur, an raba ta da duk abin da ta dogara da shi a lokaci guda. Saboda haka muka cire ƙofar kejin gaba ɗaya, muka ajiye shi a kusurwar da take son kwanciya, muka shimfiɗa a ciki wani tsohon zanen uwargida wanda dama a kansa take barci, ba mu kuma wanke shi ba. Da farko ta ƙi ko kallonsa. Sai muka riƙa matso da kwanon abincinta kusa da shi kaɗan-kaɗan, daga baya muka sa shi a bakin ƙofar, daga ƙarshe muka tura shi can ciki, kuma babu wanda ya taɓa kama ta ya cusa ta da ƙarfi. Ranar da babbar 'yarmu ta zo ta ce mini, "Abba, zo ka ga, ta shiga da kanta ta yi barci," na san cewa mafi wuyar aikin ya wuce.

Bayan haka muka mayar da ƙofar, muka riƙa rufe ta na ɗan lokaci muna buɗewa, sannan muka fara kai kejin cikin mota a zauna ba tare da an kunna inji ba, daga nan a kunna, daga nan a zaga unguwa a dawo. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a waɗannan gajerun zagaye ne muka fahimci halinta: tana kuka sosai a farkon tafiya, miyau yana ɗan zubo mata, amma ba ta amai, kuma tana yin shiru da wuri idan aka lulluɓe kejin da mayafi mara nauyi yadda ba za ta ga abubuwa suna gilmawa ta taga ba. A nan ne kuma muka gwada maganin da likita ya rubuta, muka ga yana sa ta lumshe ido da ɗan tangaɗi idan ta tashi, ba wani abu fiye da haka ba.

Wajen zaɓen hanya da rana ma sai da muka sa ta a lissafi. Akwai hanyar Darazo da Dukku wadda take fita Gombe, amma muka zaɓi bi ta Ningi zuwa Bauchi, domin mu riƙa ratsa manyan garuruwan da za a iya samun likitan dabbobi idan wani abu ya taso. Mun kuma guje wa ranar Juma'a, saboda ranar ce kasuwar Wudil take ci, kuma cunkoson motocin shanu a bakin gada yana iya tsayar da mutum tun tafiya ba ta yi nisa ba. Na kai motar wurin mai gyara ya duba na'urar sanyaya ɗaki ya ƙara mata gas, domin a wannan tafiya ita ce abin da ba za a iya yi ba tare da shi ba.

A daren tafiya muka ba ta abincinta kamar kullum, muka rufe ta a ɗaki ɗaya don kada hayaniyar ɗaure kaya ta sa ta haura katanga ta ɓuya, wanda abu ne da kyanwa take yi da zarar ta ga gida ya canza. Da asuba ba a ba ta abinci ba, sai ruwa kawai, saboda cikin da babu komai ya fi jure jijjigar hanya. An ba ta maganin tun kafin kiran salla domin ya samu kamar awa biyu ya kama jikinta. A ƙarƙashin zanen muka shimfiɗa ƙunzugun jarirai na zamani guda biyu don su tsotse fitsari, a cikin leda kuma muka tanadi wani zanen da tsumma da safar hannu, da robar ruwa daga gida wanda ta saba sha, da ƙaramin faranti mai zurfi da yashi daga inda take bahaya, an haɗa da ɗan wanda ta riga ta yi amfani da shi.

Na ɗora kejin a kujerar baya, na zagaya shi da bel na ja shi sosai har ya daina motsi, na tura tawul a ƙarƙashinsa domin ya zauna daidai, tunda kujerar mota a karkace take. Na lura da cewa daga Kano zuwa Bauchi kudu maso gabas aka nufa, don haka hantsi ta gefen direba yake bugowa, sai na sa ta a gefen dama, da niyyar in mayar da ita hagu idan rana ta juya. Mayafin ya rufe sama da gefen taga, gaban kuma a buɗe yake yana fuskantar 'yarmu da ke zaune kusa da ita.

Daga Mariri har muka ƙetare gadar Wudil kuka take yi, kuka mai tsawo da ba mu saba ji daga bakinta ba, kuma a nan ne zuciyar mutum take raya masa ya buɗe ya rungume ta. 'Yarmu ta roƙa, mahaifiyarta ta ce, "Yi haƙuri, ki dai riƙa yi mata magana a hankali, kada ki buɗe." Dalilin hana buɗewar a fili yake. Kyanwar da ta firgita a cikin mota wuri mai duhu da matsi take nema, kuma babu inda ya fi kama da haka kamar ƙarƙashin birki da totur, ko kuwa ta yi tsalle ta fice ta gilashin da aka sauke. Muka kashe rediyo, na rage gudu a wuraren gargada, na riƙa taka birki tun daga nesa, na kuma daina danna ham sai dole. Kafin mu kai Birnin Kudu kukan ya koma jefi-jefi, da muka doshi Ningi kuwa ta dunƙule a ƙarshen kejin ta sa kanta a cikin zane.

A shingayen bincike ma'aikata sukan leƙo su tambayi abin da ke cikin akwatin da aka lulluɓe, kuma suna da haƙƙin tambaya. Abin da nake yi shi ne in sauke gilashina ni kaɗai, in ce, "Yallaɓai, kyanwa ce, ga katin rigakafinta, za a iya ɗaga mayafin a gani, amma ina roƙon arziki kada a buɗe ƙofar, don in ta fita ba za mu same ta ba." Babu wanda ya matsa sai an buɗe, wasu ma har fatan alheri suka yi mana.

A Bauchi muka yi tsayuwar farko mai tsawo, kuma tsarin da muka bi a nan shi muka bi a ko'ina. Na nemi inuwa nesa da masu talla da masu babura, na bar injin a kunne da sanyi, waɗanda za su fita suka fita, aka rufe ƙofofi aka kulle, aka tabbatar duk gilasai a rufe suke, sannan wanda ya rage a ciki ya buɗe kejin ya ajiye mata ruwa da farantin yashi a ƙasan mota. Wanda yake waje ba ya taɓa ƙofa sai na ciki ya yi masa alama cewa an mayar da ita an rufe. Ba ta fito ba, ba ta sha ruwan ba, ba ta kuma kula yashin ba, kuma likita ya riga ya gaya mana cewa yawancinsu haka suke yi, suna riƙe fitsari na sa'o'i masu yawa idan ba su natsu ba. Sai 'yarmu ta riƙa tsoma yatsa a ruwa tana shafa mata a baki, ita kuma tana lashewa. Salla da cin abinci duk bi da bi muka yi su, a Bauchi da Gombe, domin ba a barin dabba ita kaɗai a motar da aka kashe, ko da a inuwa ne, ko da an ɗan sauke gilashi. Cikin mota yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci fiye da yadda mai tsaye a waje zai zata.

A Gombe na mayar da kejin gefen hagu, tunda daga nan hanya kudu ta nufa kuma ranar yamma ta dama za ta bugo. Muka wuce Kumo da Billiri da Kaltungo lafiya. Can gaba, kafin mu kai Numan, muka tarar da wata tirela ta lalace a wuri mai matsi, motoci sun yi layi, ana tafiya taku-taku. Na'urar sanyaya mota tana rage ƙarfi idan mota ba ta gudu, ga rana ta take, sai ɗakin motar ya fara ɗumi. A nan ne 'yarmu ta ce, "Abba, ta buɗe baki tana haki." Wannan ita ce alamar da likita ya ce mu fi jin tsoro. Kare yana haki a matsayin al'adarsa, amma kyanwa ba haka take ba. Zafin jikinta na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, ba ta yin gumi sosai sai a tafin ƙafa, kuma idan ta kai ga buɗe baki tana numfashi, to ko dai zafi ya yi mata yawa ko firgici ya kai matuƙa. Muka yaye mayafin gaba ɗaya, uwargida ta karkatar da duk bututun iskar gaba zuwa baya, na kulle ƙofofi, 'yarmu ta buɗe kejin kaɗan ta zura hannu da tsumma mai ɗan danshi ta shafa mata a tafin ƙafafu da ciki da bayan kunnuwa. Ruwan na randa-randa ne, ba na ƙanƙara ba, saboda ruwa mai tsananin sanyi yana tsuke jijiyoyin fata ya hana zafin fita. Na ce a duba dasashinta, aka ce launinsa na kullum ne, bai yi ja jawur ba, bai kuma yi fari ba. Cikin ɗan lokaci ta rufe baki, numfashinta ya lafa, kuma da hanya ta buɗe iska ta dawo da ƙarfinta. Da hakin ya ci gaba, ko ta fara amai ko layi, shawarar da muka yanke tun a gida ita ce mu nemi likitan dabbobi a gari mafi kusa, ko da hakan zai sa mu kwana a hanya.

Muka haye gadar Binuwai a Numan da yamma, muka shiga Jimeta kafin magariba. Tun kafin mu taso na roƙi wanda ya karɓi kayanmu a can da ya ware ɗaki ɗaya mai raga a taga, kada a yi masa feshin maganin sauro ko fiya-fiya a kwanakin da muke tafe, a kuma share kowane lungu don kada a samu shinkafar ɓera da masu gidan na baya suka bari, domin kyanwa tana lashe duk abin da ya taɓa gashinta, kuma gubar da aka sa wa ɓera tana kama wadda ta ci ɓeran. A wannan ɗaki muka ajiye kejin, muka rufe ƙofa, muka sa ruwa da abinci a kusurwa ɗaya, farantin yashi a wata kusurwar nesa da su, muka buɗe mata muka fita muka bar ta. Ƙunzugun da ke ƙarƙashin zanen a bushe yake, ma'ana ta riƙe fitsarinta tun daga Kano, saboda haka abin da na fi sa wa ido a daren shi ne yashin. Kafin mu kwanta na leƙa na tarar ta yi, hankalina ya kwanta, domin kyanwar da take yunƙurin fitsari ba ya fita, musamman muzuru, tana buƙatar likita a ranar ba sai gobe ba.

Abinci kuwa ba ta taɓa shi ba sai washegari da daddare, shi ma sai da aka ɗumama mata ɗan kifi don ƙamshinsa ya tashi. An gaya mana cewa idan ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba a kai ta asibiti, saboda yunwa mai tsawo tana taɓa hantar kyanwa. A kwanakin farko kejin ne mafakarta, tana fitowa ta shinshina bango ta koma, kuma ba mu ɗauke shi ba, ba mu wanke zanen ba. Uwargida ta riƙa goga tsumma mai laushi a kumatunta tana shafawa a ƙafafun kujeru da bakin ƙofofin sauran ɗakuna kafin a bar ta ta shiga su ɗaya bayan ɗaya. Tsakar gida kuwa sai da ta yi makonni kafin ta taka shi, domin kyanwar da aka sake da wuri a sabon wuri takan fita neman tsohon gidanta ta ɓace. Ranar da muka fara barinta ta fita, mun yi haka ne da safe kafin ta ci abinci, muka bar ƙofar ɗaki a buɗe, ta zaga gindin katanga tana shinshinawa, da aka kaɗa kwanonta kuma ta dawo da gudu. A makon ne na kai katinta wani asibitin dabbobi a Jimeta aka buɗe mata fayil, aka rubuta watan da za a maimaita mata allurar rigakafi.